KYAUTAR ALLURA DA ZARE

Ya mai karatu, ga wata tambaya wadda ta isa ka zauna ka auna ta, gama ta shafi dukan wanda ya ɗaura niyyar yin alheri. A ƙasar Amurka da ƙasar Kanada akwai wata tsohuwar al'ada: mata su kan taru a ɗakin sujada ko a gidan ɗayansu, su yanka ƙyallaye, su haɗa su da allura da zare har su zama bargo; sa'an nan su ba da shi kyauta ga iyalin da yaƙi, ko gobara, ko ambaliya ta raba da gidansu, mutanen da ba su taɓa gani ba, ba kuwa za su gani ba. Bargo guda ya kan ci kwanaki da yawa na aiki.

To, mai lissafi ya kan ce: Ina amfanin wannan wahala? Da matan nan sun yi aikin lada a cikin kwanakin nan, suka tara kuɗin, da an sayi barguna na masaƙa, an rufe mutane da dama maimakon mutum ɗaya. Wannan magana ba ta wauta ba ce, kada kuwa mu ture ta da fushi. Mu bi ta a hankali, gama a cikinta za mu gane abin da ya ke mai da kyauta alheri na gaskiya, da abin da ya ke ɓata ta.

I. Yadda bargon ya ke

Kadan ka taɓa ganin lifidi, irin wanda 'yan lifida su ke sawa, su da dawakansu, ran hawan salla, ka rigaya ka san asalin aikin. Bargon nan ninki uku ne. Fuskarsa ƙyallaye ne da aka yanka daidai wa daida, aka jera su launi kusa da launi. Cikinsa auduga ce ko ulu da aka shimfiɗa. Bayansa kuwa shafi ne. Sa'an nan a bi dukan ukun da ɗinki, ko kuwa a ɗaure su da ƙulli nan da can, tazarar kamar faɗin tafin hannu, domin kada audugar ta tattaru a kusurwa ɗaya sa'anda aka wanke shi.

Ka lura da wani abu: bargo ba shi da zafi na kansa. Ka taɓa shi da asuba sa'anda ba kowa a ciki, za ka ji shi da sanyi kamar tabarma. Ga yadda ya ke aikinsa: iska ta kan maƙale a tsakanin zaren audugar, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta saurin ɗauke zafi, domin wannan, ɗumin da jikin mutum ya ke fitarwa ya kan tsaya kusa da shi, ba ya watsewa. Watau bargo yana tsare wa mutum abin da ya ke nasa ne tun asali. Ka riƙe wannan, gama za mu komo gare shi.

II. Abin da matan Kanada suka yi

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga watan Satumba 1940 har watan Mayu 1941, jiragen saman Jamus suka yi ta zuba bama-bamai bisa London da waɗansu biranen Ingila. A London kaɗai gidaje fiye da 1,000,000 suka rushe ko suka lalace. Iyali su kan fito daga ramin ɓuya da safe su tarar ba gida, ba gado, ba mayafi. Daga watan Yuni 1941 kuma gwamnatin Ingila ta ƙayyade sayen tufafi: ba mai sayen riga ko yadi sai da takardar rabo, ko da kuɗinsa yana hannu.

A wancan ƙetaren Tekun Atlantika, matan Kanada, na birni da na ƙauye, suka ɗauki allura. Da ragowar yadi, da ƙyallayen da aka yanka daga riguna, suka ɗinka barguna fiye da 400,000 a cikin shekarun yaƙin. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Kanada ta ɗaure su damma-damma, aka sa su cikin jiragen ruwa, a kwanakin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus su ke nutsar da jiragen kaya. Waɗanda suka iso lafiya aka raba su ga waɗanda bam ya rushe wa gida, da asibitoci, da gidajen marayu. Yawancinsu ba su ɗauke da sunan wadda ta ɗinka. Sai ɗan ƙyalle ƙarami a kusurwa, mai shaida cewa kyautar Red Cross ta Kanada ce.

Ga abin da ya kamata ka yi tunani a kai. Yaƙin ya ƙare a 1945, aka sake gina gidaje, kasuwa ta cika da barguna. Duk da haka waɗansu iyalai ba su yar da nasu ba. Suka adana su shekara da shekaru, suka bar wa 'ya'yansu, har yau kuwa akwai waɗansu a gidajen tarihi a Ingila da Kanada. A kwanakin nan an ba mutanen nan abinci, an ba su kuɗin taimako, dukan waɗannan kuwa sun yi amfani, sun ƙare. Don me bargon ƙyallaye ne aka riƙe kamar gado?

III. Sanyi iri biyu ne

Amsar ke nan: wanda masifa ta auko masa yana jin sanyi iri biyu. Na fari sanyin jiki ne, kowane mayafi kuwa yana maganinsa, na hannu ko na masaƙa. Na biyu ya fi wuyar gani. Mutumin da jiya ya ke da gida, da suna, da maƙwabta masu gaishe shi, yau ya tsaya a layi, an rubuta shi da lamba, ana miƙa masa abin da aka miƙa wa dubu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya zalunce shi a wurin rabon. Amma zuciyarsa ta kan fara gaya masa cewa ya zama kaya a hannun mutane, ba wanda ya ke ganinsa mutum kuma. Wannan sanyi ya kan kashe ƙarfin zuciya, mutumin da ƙarfin zuciyarsa ya mutu kuwa da ƙyar ya ke tashi ya sake gina gidansa.

Sa'anda aka miƙa wa irin wannan mutum bargon da aka ɗinka da hannu, idonsa ya kan karanta abin da ba a rubuta ba. Ya ga an zaɓi launi, an daidaita kusurwa da kusurwa, an ƙulla kowane ƙulli ɗaya ɗaya. Ya sani wani ya zauna sa'o'i da yawa bisa wannan abu, sa'o'in da ba za su komo masa ba. Kuɗi ya kan fita ya komo. Mai arziki ya kan ba da shi da yawa bai ji a jikinsa ba. Amma kwanakin mutum ƙidayayyu ne, na sarki da na talaka, wanda ya ba ka yini guda na ransa kuwa ya ba ka abin da ba shi da hanyar mayarwa. Bargon ya zama shaida a hannun mai karɓa cewa an ga ya isa a yi wahala dominsa.

Yanzu ka tuna da abin da muka faɗa a kan ɗumin bargo. Mai ba da kyauta ba shi ne ya ke ba matalauci daraja ba; darajar nan tasa ce tun daga ranar da Allah ya halicce shi, talauci kuwa bai cire ta ba. Abin da kyauta mai kyau ta ke yi shi ne ta tsare masa sanin darajarsa, kada ya watse a daren wahala. Mai lissafi ya ƙidaya jikuna nawa aka rufe, daidai ne kuwa ya ƙidaya. Amma akwai abin da bai shiga lissafinsa ba.

IV. Inda mai lissafi ya ke da gaskiya

Kada ka ɗauka cewa da wannan mun kayar da shi sarai. Akwai wurin da gaskiya ta ke gare shi, wanda ya ƙi jinta kuwa alherinsa ya kan zama nauyi ga mutane.

Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Iyalin da ruwa ya ci gidansu, wataƙila abin da ya fi damunsu shi ne ruwan sha mai tsabta, ko maganin yaro, ko kuɗin mota zuwa wurin dangi. Kadan ka aika musu da bargo mai kauri a tsakiyar bazara, ka ba su abin ɗauka ne. Ma'aikatan agaji sun sha ganin wannan, har su kan kira shi masifa ta biyu: kayan da ba wanda ya roƙa su kan cika tashar jirgi da ɗakunan ajiya, su tare hanyar abinci da magani. Bayan babbar igiyar teku ta watan Disamba 2004, tufafin da aka aika ƙasar Indonesiya suka taru tuli, ba mai sararin tsince su, har waɗansu suka ruɓe aka ƙone su. Waɗanda suka aika da su da kyakkyawar niyya suka aika. Amma niyya ba ta tambayi masu bukata ba. Har wa yau, kuɗin da aka kashe a kasuwar wurin da masifa ta auku ya kan taimaki mutum biyu, wanda aka saya wa, da wanda aka saya a wurinsa.

Akwai kuma tarko a cikin zuciyar mai ɗinkin kansa. Ɗinki aiki ne mai daɗi. Zama da abokai ana hira ana aiki yana da daɗi. Yabon da a ke yi wa gwani ya fi duka daɗi. Ba laifi ba ne ka ji daɗin aikin kirki. Amma ga awo wanda za ka auna kanka da shi: kadan aka ce maka, "Mun gode, amma ba bargo mu ke bukata ba yanzu, hatsi ne," za ka juya da murna ka nemi hatsi, ko kuwa ranka zai ɓaci? Kadan ranka ya ɓaci, ka sani domin kanka ka ke ɗinkin.

Mabiya ɗarikar Mennonite a Amurka da Kanada sun sami hanyar hikima cikin wannan. Kwamitinsu na agaji, wanda a ke kira MCC, an kafa shi a 1920 domin ciyar da masu yunwa a kudancin Rasha, inda ƙasar Yukren ta ke yau. Barguna masu sauƙin aiki, na ƙulli, su a ke ɗaurewa a aika inda aka roƙa. Amma masu adon gaske, waɗanda suka ci watanni, a kan yi gwanjonsu a gaban jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka, kuɗin kuwa ya tafi aikin agaji. Ka ga hannu ɗaya ne, allura ɗaya ce. Inda bargo ya fi amfani a aika bargo, inda kuɗi ya fi amfani a mai da bargon kuɗi.

V. Ka'idodi huɗu

Ƙungiyar agaji ta Lutheran World Relief, wadda aka kafa a 1945 domin taimakon mutanen Turai bayan yaƙi, ta shimfiɗa wa masu ɗinkinta waɗansu ka'idodi, kwamitin MCC kuma yana da nasa. Daga cikinsu za mu ciro huɗu, gama sun dace da kowace irin kyauta.

Ta fari: ka auna kyauta da mai karɓa. Ƙungiyoyin nan biyu sun roƙi a yi bargo ya kai wajen inci 60 a faɗi, inci 80 a tsawo, domin ya rufe babban mutum daga kafaɗa har ƙafa, ko yara biyu tare. Gwani ya kan so ya yi abin da zai nuna gwanintarsa. Amma awon yana hannun mai jin sanyi.

Ta biyu: ka ba da mai kyau. Kwamitin MCC ya roƙi a yi aiki da sabon yadi ko wanda ya kusa da sabo. Haɗa ƙyallaye ba tattara tsummoki ba ne. Mutane da yawa su kan kwashe abin da ya dame su a ɗaki, yagagge da mai dauɗa, su kai wa matalauci, su ce, da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana na mai karɓa ne, shi ya ke da ikon faɗinsa domin ya ƙarfafa zuciyarsa. A bakin mai bayarwa kuwa raini ne. Ka tambayi kanka: kadan baƙo mai daraja ya sauka a gidana, zan shimfiɗa masa wannan? Kadan amsar a'a ce, kada ka kira shi kyauta.

Ta uku: ka ɓoye sunanka. Ƙungiyar Lutheran ta roƙi kada a sa sunan ikkilisiya ko na ƙungiyar masu ɗinki a jikin bargo, kada kuma a sa tutar ƙasa ko alamar soja. Ka ga yadda wannan ya yi daidai da abin da matan Kanada suka yi. Dalilin a fili ya ke. Kyautar da ta zo da suna ta kan jawo gori, ko da mai bayarwa bai buɗe baki ba. Kullum mai karɓa ya kwanta sai ya ga sunan wanda ya fi shi. Kyauta da gori kuwa bashi ce wadda ba a iya biya. Wanda bai san mai yi masa alheri ba ya kan gode wa Allah, ya kuma dubi dukan mutane da kyakkyawan zato, gama bai san ko wanene a cikinsu ba.

Ta huɗu, wadda ta fi shafarka, ya kai wanda ka shigo wannan hanya ba da daɗewa ba: kada ka mai da kyauta ƙugiya. Ƙungiyar nan, ko da shi ke ta masu bi ce, ta roƙi kada a sa alamar addini ko rubutun addini a jikin bargo, gama za a ba da shi ga kowane mai bukata, ko wane irin addini ya ke bi. Sabon mai bi, saboda zafin himma, ya kan so ya taimaki nasa kaɗai, ko kuwa ya riƙe mayafi a hannu ɗaya, wa'azi a ɗaya, ya ce sai an karɓi wannan kafin a sami wancan. Ka guji wannan ƙwarai. Sanyi ba ya tambayar yaro inda ubansa ya ke sujada. Mutumin da ya amsa maka domin 'ya'yansa suna rawar ɗari, bai amsa ba, tilas ce ta yi magana a bakinsa. Kai kuwa ka sayi abin da ba na sayarwa ba ne. Ka rufe shi domin yana jin sanyi. Kadan wata rana ya tambaye ka dalilin aikinka, sai ka amsa masa da gaskiya da ladabi.

VI. To, kai fa?

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurin masu bi. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 9, ya ba da labarin wata mace a garin Yafa, mai suna Tabita, ko Dokas, wadda ta kan ɗinka tufafi domin gwauraye. Sa'anda ta mutu, abin da matan nan suka nuna wa manzo Bitrus suna kuka shi ne tufafin da ta yi da hannunta. Da sunanta ne aka kira ƙungiyoyin ɗinki da yawa waɗanda aka kafa a Ingila da Amurka a ƙarni na 19 domin tufasar da matalauta.

Kai kuwa ba sai ka aika da kome ƙetaren teku ba. Hunturu yana zuwa kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Janairu sanyin asuba ya kan ratsa ƙashi. Akwai tsohuwar da ba ta da ɗa, akwai yaran da su ke kwana a zaure, akwai waɗanda tashin hankali ya kora daga ƙauyukansu, akwai irin iyalan da suka fito da rigar jikinsu kaɗai sa'anda madatsar ruwan Alau ta fashe, ruwa ya shiga Maiduguri a watan Satumba 2024. Kada namiji ya ce wannan zancen mata ne. A ƙasarmu maza ne suka gaji ɗinkin riga da na hula. Ƙyallayen da tela ya ke sharewa daga ƙarƙashin kekensa sababbi ne, da yawa kuwa a kan zubar da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wani ya tara ƙyallaye, wani ya yanka, wata ta shiɓa auduga, wani ya ɗinka. Wanda bai iya allura ba ya sayi gwado a wurin masaƙi, ya taimaki mutum biyu.

Amma kafin ka zura zare a allura, ka tafi ka tambaya. Ka nemi dattijo ko dattijuwa a unguwa, wadda ta san gidan da ba a hura wuta jiya ba, ka ji abin da a ke bukata. Kadan mayafi ne, ka yi shi da kyau, kamar wanda za ka ba mahaifiyarka. Ka wanke shi, ka ninke shi, ka aika da shi ta hannun wanda ya iya riƙe asiri, bayan magariba, ba a gaban taro ba. Kadan hatsi ne ko kuɗin magani, ka sayar da aikin hannunka ka kai kuɗin. Sa'an nan ka manta da shi, kada ka tsaya jiran godiya. Sa'anda ka gamu da mutumin a kasuwa, ka riga shi gaisuwa, yadda ba zai ga kome a fuskarka wanda zai sa ya sunkuyar da kai ba.

Allah ya ba mu ido mai ganin bukatar maƙwabci, da hannu mai haƙurin aiki, da bakin da ya iya yin shiru bayan an bayar. Amin.